Ruwan da ke kwanciya tsakanin tuddai: kira ga ɗaliban kwamfuta na Kebbi

Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida tamu mai albarka domin in yi magana da ɗalibanmu masu karatun kimiyyar kwamfuta a Aliero da Birnin Kebbi, da maƙwabtanmu na Gusau da Ƙaura Namoda, da kuma matasan da ke koyon rubuta manhaja da kansu a gida. Akwai wata tambaya da kamfanonin fasaha ke yawan jefa wa mai neman aiki a intabiyu, ita ce ta lissafin ruwan sama da ke kwanciya tsakanin tuddai. A LeetCode, shafin intanet da masu rubuta manhaja ke yin atisayen irin waɗannan tambayoyi, ita ce tambaya ta 42, kuma tana cikin waɗanda aka yi wa tambarin masu wuya. Abin da ke damuna shi ne yadda yaranmu da yawa ke haddace layukan amsarta ba tare da sun san dalilin kowane layi ba, ranar da mai intabiyu ya ɗan karkata tambayar kuwa sai ido ya raina fata. Alhali ƙa'ida ɗaya ce tak ke riƙe da ita, duk sauran hanyoyin warware ta daga wannan ƙa'ida suka tsiro.

Ga yadda tambayar take. An ba ka jerin lambobi, babu wadda ta yi ƙasa da sifili. Kowace lamba tsayin ginshiƙi ce, faɗin kowane ginshiƙi awo ɗaya, kuma an jera su manne da juna babu kafa a tsakani. Ruwa ya sauka a kansu har ya ishe su, mai zubewa ya zube ta ƙarshen hagu da ta ƙarshen dama. Awo nawa na ruwa ya rage a kwance?

Mu ɗauki jeri mai ginshiƙai 10, shi za mu bi har ƙarshe: 2, 0, 3, 1, 0, 2, 5, 1, 4, 2. Za mu ƙirga gurabe daga 0 zuwa 9, domin haka harsunan rubuta manhaja irin su Python da Java da C suke ƙirgawa, gara mutum ya saba tun yanzu.

Duk wanda ya taɓa ban ruwa a fangalin albasa a Aliero ya san ruwa ba ruwansa da kunyar da ta fi tsayi. Inda kunya ta fi gajarta, nan yake tsallakewa, kuma tsayin wannan wurin shi ne iyakar cikar fangalin. Haka abin yake a nan. Ka tsaya a kan gurbi guda, ka duba hagu har ƙarshen jeri ka nemo ginshiƙin da ya fi tsawo, ka duba dama ka yi haka. Ƙarami daga cikin waɗannan biyun shi ne saman ruwa a gurbin da kake tsaye. Cire tsayin ginshiƙin da ke ƙarƙashin ƙafarka daga gare shi, abin da ya rage shi ne ruwan da ke kan wannan gurbi. Tara na dukkan gurabe, ka samu amsa.

Mu gwada a gurbi na 4, inda tsayi yake 0. Mafi tsawo a hagunsa 3 ne, mafi tsawo a damansa 5. Ƙaraminsu 3, a cire 0, ruwa awo 3. A gurbi na 7 kuma, inda tsayi yake 1, hagu na da 5, dama na da 4, saman ruwa 4 ke nan, a cire 1, ruwa awo 3. In aka bi jerin gaba ɗaya, ruwan kowane gurbi zai fito haka: 0, 2, 0, 2, 3, 1, 0, 3, 0, 0. Jimla 11.

Tun a wannan mataki ake fara tuntuɓe, kuma kusan kullum a wurare guda ake yinsa. Wanda ya fi yawa shi ne duba maƙwabta na kusa kawai, wato ginshiƙin da ke manne a hagu da wanda ke manne a dama. Mai wannan lissafi in ya zo gurbi na 3, zai ga 3 a hagu da 0 a dama, ya ce ruwa ba zai tsaya ba. Bai lura cewa kwarin ya miƙe daga gurbi na 3 har na 5 ba, kuma bangon da ke tare shi yana can gurbi na 6. Zai tashi da 6 a maimakon 11. Wani kuma hagu kaɗai yake dubawa, yana tafe yana riƙe da mafi tsawon da ya wuce. Lissafinsa zai yi daidai har ya hau ƙololuwar 5, daga nan sai ya riƙa zuba ruwa a gangaren da babu abin da zai tare shi, har ya ɗora awo 3 a kan ginshiƙin ƙarshe wanda bayansa fili ne. Amsarsa 16.

Akwai na ukun da ya fi waɗannan ɓoyewa. In mutum ya nemi mafi tsawo na hagu da na dama ba tare da ya sa gurbin da yake tsaye cikin lissafin ba, to a kan kowane tudu zai samu lamba ƙasa da sifili. A gurbi na 6, hagu 3, dama 4, ƙarami 3, a cire 5, saura biyu ƙasa da sifili. Kwamfuta ba za ta yi ƙorafi ba, za ta tara shi ta rage jimla, a misalinmu awo 5 za su salwanta ta wannan hanya. Maganin abu ne mai sauƙi: ko dai a haɗa gurbin kansa cikin neman mafi tsawo a ɓangarorin biyu, ko a ce duk abin da ya yi ƙasa da sifili a ɗauke shi sifili. Na fi son na farko, domin ba ya buƙatar ƙarin sharaɗi.

To, ƙa'ida ta zauna. Saura tambayar da mai intabiyu ya fi damuwa da ita: aiki nawa kwamfuta za ta yi?

In aka rubuta shirin yadda muka yi da hannu, kowane gurbi sai an leƙa jerin duka. Ginshiƙai 10 leƙe 100 ne, ba komai. Amma LeetCode ta yarda jerin ya kai 20,000, leƙe kuwa ya zama 20,000 sau 20,000, wato miliyan 400. Wannan shi ake rubutawa O(n²), wato aikin ya kai tsawon jeri (n) sau tsawon jeri. Masu amfani da Python su kula sosai a nan, domin akwai tarko. Mutum zai rubuta zagaye ɗaya tak, wato umarnin da ke sa kwamfuta ta bi gurabe ɗaya bayan ɗaya, a cikinsa ya yanko ɓangaren jeri ya miƙa wa max, umarnin da ke fitar da lamba mafi girma, ya ga shirinsa layi huɗu ne ya ɗauka mai sauri ne. Yankan kansa kwafe lambobi yake yi, max kuma sai ta bi su ɗaya bayan ɗaya, saboda haka zagaye ne a cikin zagaye, an dai lulluɓe shi.

Gyaran farko shi ne a daina maimaita aikin da aka riga aka yi. Mafi tsawo na hagu a gurbi na 5 ba ya buƙatar sabon bincike: ɗauki na gurbi na 4, gwada shi da tsayin gurbi na 5, riƙe babba. Don haka sai a buɗe sabon jeri, a cika shi daga hagu zuwa dama da tafiya ɗaya. A misalinmu zai ba da 2, 2, 3, 3, 3, 3, 5, 5, 5, 5. A buɗe na biyu a cika shi daga dama zuwa hagu: 5, 5, 5, 5, 5, 5, 5, 4, 4, 2. Tafiya ta uku a ɗauki ƙarami a kowane gurbi, a samu 2, 2, 3, 3, 3, 3, 5, 4, 4, 2, a cire tsayi, a tara. Wanda yake son ya tabbatar da lissafinsa da sauri ya tara wannan layi na ƙarshe, 31, ya tara tsayin ginshiƙan, 20, bambancin 11. Aikin da ya kai miliyan 400 ya dawo kusan 60,000. Abin da aka biya shi ne wurin ajiya, jeri biyu masu tsawon na asali. Inda ake yawan kuskure a nan shi ne cika jerin dama: dole a fara daga gurbin ƙarshe a dawo baya, gurbin ƙarshe kuma lambarsa tsawon jeri a cire ɗaya. Wanda ya manta cire ɗayan nan, Java za ta tsayar da shirinsa da ƙorafin ya fita iyaka, C kuwa tana iya yin shiru ta karanto masa abin da ba nasa ba.

Shawarata ga ɗalibi ita ce ya fara gabatar da wannan hanya a intabiyu, domin tana da sauƙin bayani kuma da wuya a yi kuskure a cikinta. Daga nan za a tambaye shi ko zai iya yi ba tare da ƙarin jerin biyu ba. Nan ne hanyar yatsu biyu ke shigowa, kuma ita ce aka fi haddacewa ba a fahimta ba, don haka zan daɗe a kanta.

Ɗora yatsa ɗaya a gurbin farko, ɗaya a na ƙarshe. Riƙe lambobi uku, duk su fara daga sifili: mafi tsawon da yatsan hagu ya taka, mafi tsawon da yatsan dama ya taka, da jimlar ruwa. Muddin yatsun ba su haɗu ba, gwada ginshiƙan biyu da suke kai. In na hagu ya fi gajarta, a hagu za ka yi aiki: in ya ɗara mafi tsawon hagu ka sabunta shi, ka ƙara bambancin da ke tsakaninsu a jimla, ka matsar da yatsan gaba da gurbi ɗaya. In ba haka ba, yi irin wannan a dama, ka ja yatsan baya da gurbi ɗaya.

A misalinmu, farawa 2 da 2 ne, kunnen doki, sai a yi aiki a dama: mafi tsawon dama ya zama 2, babu ruwa, yatsa ya koma kan 4. Yanzu 4 ta fi duk abin da ke hagu har zuwa gurbi na 5, saboda haka yatsan dama zai tsaya cik, na hagu ya yi ta tafiya. Ya taka 2, babu ruwa. Ya taka 0, awo 2. Ya taka 3, mafi tsawo ya zama 3. Ya taka 1, awo 2, jimla 4. Ya taka 0, awo 3, jimla 7. Ya taka 2, awo 1, jimla 8. Da ya hau kan 5 sai lamari ya juya, shi ne zai tsaya. Yatsan dama ya ɗauki 4 a matsayin mafi tsawo, ya sauka kan 1, awo 3, jimla 11, ya matsa suka haɗu a gurbi na 6.

Ga tambayar da ke kayar da mutane: ta yaya muka yanke hukuncin ruwan gurbi na 4 alhali yatsan hagu bai taɓa ganin 5 ɗin da ke gabansa ba? Amsar tana cikin ƙa'idar farko. Ƙarami muke nema, ba mu buƙatar sanin ainihin tsayin babban. Ginshiƙi mai tsayi 3 da muke riƙe da shi a matsayin mafi tsawon hagu, ba mu wuce shi ba sai da muka ga wani a dama da ya fi shi tsawo, wato 4, kuma wannan 4 ɗin tana nan a damanmu ba ta gusa ba. Saboda haka ko me ke ɓoye a tsakiya, 5 ne ko 500, mafi tsawon dama ba zai kasa 4 ba, ƙaramin biyun dai 3 ne. Abin da ke tsakiya zai iya ƙara wa bangon dama tsayi, ba zai iya rage shi ba. Ɗalibin da ya iya faɗin wannan da bakinsa ya mallaki hanyar, ko an karɓe masa kwamfuta an ba shi alli zai sake gina ta.

Kurakuran wannan hanya ƙanana ne amma suna kisa. In ka ƙara ruwa kafin ka sabunta mafi tsawo, lambobi ƙasa da sifili za su dawo. In ka rubuta sharaɗi biyu, ɗaya na hagu ya fi gajarta ɗaya na dama ya fi gajarta, ka manta da kunnen doki, to jeri irin 4, 0, 4 zai sa shirin ya yi ta juyawa babu ƙarshe, domin babu yatsan da zai motsa. In kuma ka matsar da yatsan da ke kan dogon ginshiƙi a maimakon gajere, hujjar da muka kawo ta rushe gaba ɗaya, kuma abin haushin shi ne wasu jerin za su ba da amsa daidai bisa dace, mutum ya ɗauka ya gama.

Akwai hanya ta huɗu mai amfani da sitak, wato ma'ajiyar da abin da aka sa a ƙarshe shi ake fara cirewa. Ita ba a tsaye take lissafa ruwa ba, a kwance take yankansa, shimfiɗa bisa shimfiɗa. Ana ajiye lambobin gurabe muddin tsayi na sauka. Da an ci karo da ginshiƙin da ya fi na saman sitak, sai a cire na saman a matsayin gindin rami, wanda ya bayyana a ƙarƙashinsa shi ne bangon hagu, wanda aka iso kuma bangon dama. A kwarin nan na gurbi 3 zuwa 5, za ta ba da shimfiɗa mai faɗi 1, sai mai faɗi 2, sai mai faɗi 3, kowace zurfinta 1, jimla 6, daidai da 2 da 3 da 1 da muka samu a tsaye. Abu biyu za a kiyaye: lambar gurbi ake ajiyewa, domin da ita ake fitar da faɗi, wato gurbin dama a cire gurbin hagu a cire ɗaya, sannan bayan an cire gindi a duba ko sitak ya zama fanko, in haka ne babu bangon hagu, babu ruwa. Ba ta fi yatsu biyu sauri ba kuma ta fi cin wuri, amma ya kamata a iya ta saboda wasu tambayoyin da ita kaɗai ke buɗe su cikin sauƙi.

Wani abin da ba a cika koya wa ɗalibai ba shi ne girman jimlar kanta. A Java, int, wato nau'in ma'ajiyar cikakkiyar lamba da aka fi amfani da ita, ba ta iya ɗaukar lambar da ta wuce 2,147,483,647. A iyakokin LeetCode, tsayi na kaiwa 100,000, gurabe 20,000. Mafi munin hali shi ne dogayen bango biyu a ƙarshe da sifili a tsakani: 19,998 sau 100,000, wato 1,999,800,000. Ya shiga, amma da ƙyar. In mai intabiyu ya ce gurabe 100,000 ne, jimlar ta doshi biliyan 10, int za ta cika ta juye ta ba da lambar banza ba tare da gargaɗi ba. Sai a yi amfani da ma'ajiya mafi girma, wato long a Java, long long a harshen C++. Python ba ta da wannan matsala.

Kafin a miƙa amsa a gwada shirin da jeri fanko, da mai ginshiƙi ɗaya ko biyu, da mai hawa kawai irin 1, 2, 3, 4, da mai sauka kawai, da wanda duk tsayinsa ɗaya. Dukkansu sifili ya kamata su bayar. Sannan 5, 1, 5, 1, 5 ya ba da 8.

Kada kuma a rikita wannan tambaya da 'yar'uwarta ta 11 a shafin, wadda ke neman layuka biyu da za su ɗauki ruwa mafi yawa a tsakaninsu. Ita ma da yatsu biyu ake yinta, shi ya sa masu hadda ke cakuɗa su. Can layukan ba su da kauri, abin da ke tsakani ba ya cin wurin ruwa, kuma mafi girma ake nema, ba a tarawa. Jerinmu a waccan tambaya 18 zai bayar.

Edita, dalilin da ya sa na ga wannan darasi ya cancanci fili a jaridar Hausa ya wuce neman aiki. Tambayar na da babbar yaya, ta 407, inda ƙasa ke da tsawo da faɗi, an yanka ta gida-gida kowane gida da tsayinsa. Wanda ya ce zai duba gabas da yamma da kudu da arewa a miƙe ya ɗauki ƙarami zai faɗi, domin ruwa na yin kwana. Gida na iya samun bango mai tsayi 5 a ƙarshen kowace fuska huɗu, amma maƙwabcinsa na gabas mai tsayi 1 ya buɗe zuwa kudu har bakin iyaka, ruwan duka ya bi ta nan ya fice. Yadda ake yi shi ne a zuba dukkan gidajen bakin iyaka a layin fifiko, wanda kullum mafi gajarta yake fara fitarwa. A ciro mafi gajarta, a duba maƙwabtansa huɗu da ba a taɓa ba. Wanda bai kai shi tsayi ba, bambancin ruwa ne, sai a sa shi a layin da tsayin saman ruwan. Wanda ya fi shi, a sa shi da nasa tsayin. Haka za a yi ta matsowa ciki daga wurin da ya fi rauni, wato dabarar yatsu biyu ce aka faɗaɗa ta zagaye fili. Da irin wannan lissafi manhajojin taswira ke gano kwaruruka a bayanan tsayin ƙasa kafin su fitar da hanyar da ruwa zai bi. Jihar da noman shinkafarta ke fadamun Argungu da Suru da Yawuri, wadda kuma ta ga ɓarnar ambaliyar 2020, tana buƙatar 'ya'yanta su iya wannan aiki da hannunsu. Sai dai a sani lissafin iyakar abin da rami zai iya ɗauka kawai yake bayarwa. Bai san ruwan da ƙasa ke shanyewa ba, bai san wanda rana ke ƙafarwa ba, bai san kwalbatin da ke ƙarƙashin titi ba, waɗannan sai an ƙara su daban.

Roƙona ga 'yan'uwana malamai shi ne kada a bar ɗalibi ya taɓa kwamfuta a kan wannan tambaya sai ya zana ginshiƙan a takarda mai gida-gida, ya rubuta layin hagu da layin dama da layin ƙarami a ƙarƙashinsu da hannunsa. Ga jerin da za a fara da shi: 4, 1, 3, 0, 0, 5, 2, 3, 1, 4. Wanda ya samu 18 ya yi daidai. Wanda ya samu 22 hagu kaɗai ya duba, wanda ya samu 5 kuma maƙwabta na kusa ya tsaya a kansu.

Wassalam.

Naku,
Wani malamin kimiyyar kwamfuta,
Birnin Kebbi, Jihar Kebbi